Gwiwar Tebur

Ni da surukina mun yi shekaru muna aikin kafinta a rumfa ɗaya a Kaura Namoda, kuma a duk tsawon zaman nan bai taɓa duban idona ya ce mini "kai" ba. 'Yarsa ta fari nake aure. Wanda ya san kunyar 'yar fari a wajenmu ba sai na yi masa dogon bayani ba: sunanta ma ba ya faɗa, balle na mijinta. Idan na zo da safe na durƙusa daga bakin ƙofa na ce, "Baba, ina kwana," sai ya amsa wa katakon da ke gabansa, "An tashi lahiya?" Da "an" da "a" muke tafiyar da komai. A miƙo zarto. An ga hamar nan? A riƙe can. Baƙo idan ya zauna sai ya ɗauka akwai mutum na uku a rumfar wanda ba a gani.

Jiha ce ta haɗa mu. Da aka yanke mana Zamfara daga Sakkwato, aiki ya taso wa kafintoci kamar an buɗe famfo. Kowane sabon ofis a Gusau yana neman ƙofa da tebur, kowane sabon ma'aikaci yana neman gado da kabad, kuma kowa so yake a yi masa kwalliya a bakin katako irin wadda ya gani a gidajen manya. Baba yana da rumfa kusa da tashar jirgin ƙasa, yana da suna, tun ana sauke katako daga tarago yake sana'ar. Ni kuma na dawo daga koyon aiki a Kaduna da inji ɗaya da ji da kai mai yawa. Matata ce ta yi ta kai da kawowa tsakanin ɗakin mahaifiyarta da namu har aka shirya. 'Yan unguwa sun ce ba za mu yi wata guda tare ba, wai wa ya taɓa ganin mutum da mijin 'yarsa suna shaƙar garin katako ɗaya. Na bar su da bakinsu.

Injin nan rauta sunansa. Girmansa bai kai tulu ba, yana da haƙori ɗaya na ƙarfe mai juyawa da gudu, shi ke cin bakin katako ya fitar da zane, nan kwari nan tudu. Don a riƙe a hannu aka yi shi, amma ni na kifa shi a ƙarƙashin tebur na ɗaure, na huda rami haƙorin ya leƙo sama, sai dai a turo katako ya bi ta kansa. Ni na ƙera teburin, kuma daidai tsayina na yi shi, ni kuwa dogo ne har ana yi mini tsiya. Baba gajere ne, teburin ya kusa kai masa ƙirji, amma bai taɓa cewa uffan a kan haka ba. Ranar da aka fara kunna injin ya toshe kunne ɗaya ya ce wa bango, "Wanga abu kukanai ya hi aikinai." Kafin sati ya zagayo ya fi ni son sa. Na sha kama shi yana shafa zane da babban yatsa yana murmushi shi kaɗai.

Aibin teburin ɗaya ne. Zurfin zane ya dogara ga yadda haƙorin ya leƙo, kuma kowane zane da nasa zurfin. Idan za ka sauya, sai ka durƙusa ka cusa kai a ƙarƙashin tebur cikin garin katako, ka saki makullin inji, ka tura shi sama da hannu ɗaya, sifirin biyu da ke cikinsa suna turo ka ƙasa, ka ɗaure da ɗaya hannun, ka fito ka miƙe ka duba. Da wuya ka dace a karon farko. Baba kuma ba ya awo da inci. Sai dai ka ji, "A ɗaga ƙwarar gero guda," ko "A sauke kaurin akaihwa," wato kaurin farce. Idan ina nan, kafin ya rufe baki na shige, gwiwoyina kuwa lafiyarsu ƙalau, don haka ban taɓa ɗaukar abin a bakin komai ba.

Sai aka ƙaddamar da shari'a, aikin ya sake ninkuwa, ya kuma sauya kama. Bencin kotu, teburan Islamiyya, ƙofofin masallatai, kuma kowane gari yana son mumbari mai kwalliya wanda ya fi na maƙwabta. Abokaina duk suka tsayar da gemu, har wanda nasa sai an matso ake gani. Ni na zama ɗan hanya, yau ina Zurmi wajen awo, gobe ina Shinkafi da kaya a bayan mota. Rumfa ta zama daga Baba sai inji.

Wata rana na dawo daga Shinkafi da wuri, la'asar ba ta daɗe ba, na biyo ta bayan rumfa. Ban ji kukan inji ba, sai na leƙa ta kafar zana. Baba yana ƙarƙashin tebur, gwiwa ɗaya a ƙasa, ya kama ƙafar teburin yana so ya miƙe. Ya yunƙura ya koma. Ya sake yunƙurawa ya koma. Hularsa ta faɗi cikin garin katako. Na san gwiwoyinsa sun fara ba shi wahala, don na ga yadda yake miƙe ƙafa ɗaya a zaman tahiya, amma ban san abin ya kai nan ba.

Tsakanina da shi bai fi in ɗaga zana in miƙa hannu ba, amma hannun nan ba ya miƙuwa. Da na shiga na ɗaga shi, da zai gode wa katako, gobe kuma ba zai zo ba, jibi ma haka. Mutumin da nake durƙusa wa kullum ba zai yarda in same shi a durƙushe ba. Na ja da baya a hankali na koma bakin titi wajen mai rake, na tsaya ina tauna ba na jin zaƙi, har na ji inji ya tashi. Sannan na taho ta gaba ina rafka sallama tun daga nesa. Na tarar da shi tsaye, hula a kai, da ɗan garin katako a gefenta.

"An dawo?"

"An dawo, Baba."

Ranar raina ya ɓaci ƙwarai, kuma da teburin na yi fushi, tunda ni na ƙera shi.

Ba a daɗe ba matata ta ajiye mini tuwo da yamma, maimakon ta tashi sai ta zauna a gefen tabarma.

"Maigida, ka ji abin da Inna tac ce?"

"Sai kin hwaɗa."

"Wai Baba ya ce in anka gama mumbarin Shinkahi, aje aiki za shi yi. Sakajiki za shi koma wurin ƙanenai, shi zauna."

"Shi zauna shi yi mi?"

"Kallon gona." Ta murza bakin zanenta. "Ka san Baba. In ya bar rumfar ga, ba ya daɗewa. Ni ba ni iya yi mai magana, kai ma ba ka iyawa."

Na ce mata, "Ba shi za a yi ma magana ba. Tebur za a yi ma."

Ta dube ni kamar na zare. Gaskiya a lokacin ban san abin da zan gaya wa teburin ba, amma ni ban taɓa shakkar hannuna ba. Mumbarin kuwa kafin azumi aka yi alkawarin kai shi, azumi kuma ya matso.

A hanyar Zurmi na samu amsar. Tayar motar da na hau ta yi faci, duk muka sauka muka tsaya a inuwa. Direba ya zaro jak irin mai buɗewa kamar almakashi, ya cusa, ya riƙa juya hannun jak ɗin da hannu ɗaya yana hira yana tauna goro, mota tana tashi a hankali da buhunan gero a kanta. Na tsura masa ido har ya tambaye ni ko ban taɓa ganin faci ba. Abin da ya ɗaga mota da kayanta, rauta ba zai gagare shi ba. Washegari na shiga wajen 'yan gwangwan na tono irinsa.

Baba ba ya zuwa rumfa ran Juma'a, don haka safiyar Juma'a ta zama tawa, ni da wani abokina mai walda da muka tashi tare. Na fara da zare sifirin nan biyu, tunda injin a kife yake, nauyinsa kaɗai ya isa ya dawo da shi ƙasa. Na goge sandunan da yake hawa da sauka a kansu na shafa musu kyandir, don mai yana kama gari ya daskare. Na kafa katako mai ƙwari a ƙasa na ɗaure jak a kai, na sa guntun maɗaci tsakanin kan jak da gindin inji. Na juya, haƙori ya taso sumul. Muka kunna. Ba a jima ba sai wari, ashe guntun katakon ya toshe kafofin da injin ke shan iska. Na cire shi na sassaƙe shi kamar gammo, rami a tsakiya da ƙofofi a gefe, injin ya zauna a kai yana numfashi.

Sai matsala ta biyu. Hannun jak a ƙasa yake, daidai ƙwauri. Abokina ya tsuguna ya juya shi, ya ɗago yana dariya.

"Kai dogo, ka kori durƙuso ka kawo ruku'u. Tsohon da ba ya iya wancan, wanga ma ba shi iyawa."

Na tsani ya fi ni gaskiya, amma ya fi ni. Muka bar aikin a nan, na mayar da komai yadda yake don kada Baba ya gani. Juma'ar da ta biyo sai ga shi da wani ƙarfe da ya yanko daga sandar sitiyarin tsohuwar mota, irin mahaɗin nan mai lanƙwasa ta kowane gefe yana juyawa.

"Mu sa mai gwiwa," in ji shi. "Tunda ta mai shi ta gaji, tebur shi yi tashi."

Ya liƙa gwiwar a inda hannun jak yake shiga, ya haɗa mata doguwar sanda da ta hau a karkace zuwa gaban tebur ta ratsa cikin zoben ƙarfe. Abin juyawa kuma daga gida ya fito. Matata tana da mataccen keken ɗinki na hannu da ta ƙi rabuwa da shi, ita da kanta ta kwance ƙafarsa da ake juyawa da hannu, da mariƙinta, ta naɗe a tsumma ta ba ni. Da muka gwada, sai muka ga jijjigar inji tana sa jak ya riƙa sauka da kansa, zane ya fara da zurfi ya ƙare a shafe. Na yi masa ɗan sakata na katako mai faɗawa tsakanin haƙarƙarin ƙafar keken ta riƙe ta cak.

Saura inda za a kafa zoben, wato tsayin abin juyawar. Wannan na riga na gama da shi tun tsakiyar sati. Ranar da Baba ya fita alwalar azahar ya bar sandarsa ta dogarawa a jingine, na ɗauko ta na tsayar a jikin ƙafar tebur na ja layi da fensir daidai kanta, inda tafin hannunsa ke sauka idan yana tsaye. Na nuna wa abokina layin.

"Nan? Ka kai shi bakin tebur mana, inda hannunka ka kai."

"Nan za a sa shi."

Ya dubi layin, ya dube ni daga sama har ƙasa, ya sauke gilashin waldarsa.

Aikin ƙarfe mai sauƙi ne. Mai wuyar shi ne yadda Baba zai taɓa abin. Idan ya gane don shi aka yi, ya gane ke nan an san halin da gwiwarsa ke ciki, kuma ko kallon ƙafar keken ba zai yi ba. Don haka tun kafin a gama aikin na kwanta ciwon baya, a tsaye. Idan na ɗaga katako sai in dafe ƙugu in yi nishi. Idan na fito daga ƙarƙashin tebur sai in daɗe ina miƙewa. Na sa abokina ya biyo ta rumfa na yi masa ƙorafi da ƙarfi, cewa shiga ƙarƙashin teburin nan zai ƙarasa ni. A shekarar da kowa ke auna harshensa na shirga wannan ƙarya, kuma na iya ta, har mai rake ya fara yi mini sannu.

Abin da ban hango ba shi ne Baba zai tausaya mini. Ya ba Inna, Inna ta ba matata, matata ta ajiye mini kwalba cike da jiƙon sassaƙen maɗaci. Mu da ke yanka maɗaci kullum mun san sunansa ba a banza ya same shi ba. Kowace safiya bayan gaisuwa sai Baba ya tambayi katako, "An sha magani?" In ce, "An sha, Baba." Kuma sha nake yi, don matata tsayawa take a kaina da moɗa, tana cije leɓe kada dariya ta ƙwace mata, wai ba za ta bari in yi wa ubanta ƙarya biyu ba.

Safiyar Asabar Baba ya shigo ya ga ƙafar keke a gaban tebur. Bai tambaya ba. Na fuskanci teburin na ce, "An ɗan yi ma tebur gyara, Baba, saboda bayan ga nawa." Na ɗaga sakata na juya, haƙori ya taso a hankali, na mayar, ya nutse.

"To. Allah shi sawwaƙa," in ji shi, ya wuce wajen bencinsa ya ɗauki filen fere katako.

Har azahar bai kusanci injin ba. Ban damu ba, na san yadda yake son abin nan, na kuma san ba a gabana zai fara ba. Na ce za ni Zurmi duba wani awo, na tafi. Da na dawo da yamma na tarar da katakan matakalar mumbari a jere a jikin bango, kowanne da zanensa, wani mai zurfi wani shafe-shafe, aikin da da can sai an shiga ƙarƙashin tebur an fita har a gaji. Ban dubi fuskarsa ba, ba a yin haka. Gwiwar wandonsa na duba, na gan ta fes, ba gari ko kaɗan. Daɗin da na ji ranar ya fi na ranar da na sayi injin.

Amma maganar Sakajiki ba ta mutu ba. Matata ta ce Inna ta ce har ya aika a gyara masa ɗaki a can. Mumbari yana ta haɗuwa, ni ina ta shan maɗaci, Baba bai ce zai zauna ba, bai ce zai tafi ba.

Ranar da za mu ɗora kan mumbarin, ya shigo da safe, maimakon ya jingine sandarsa a bakin ƙofa kamar kullum, sai ya jingine ta a jikin tebur. Kan sandar ya zauna daidai da cibiyar ƙafar keken, ba sama ba ƙasa. Ga kuma layin fensir a ƙafar tebur, wanda na manta ban goge ba. Ya daɗe yana kallo. Ni ina gefe ina gugar wani katako da ya riga ya yi santsi.

Can ya ɗauke sandar ya ja gefe ya ce, "A ɗaga ƙwarar gero guda."

Tun da aka yi gyaran bai sake cewa haka ba, da kansa yake yi. Na ajiye abin da ke hannuna na zo. Duk tsawon nan nawa sai da na lanƙwashe kafin hannuna ya kai ga mariƙin. Na juya kaɗan, na saki sakata, ina nan a duƙe.

"Mai ciwon baya," in ji Baba, yana magana da kan sandarsa, "amma ya sa abu inda sai ya duƙa."

Na miƙe na ja gefe. Ya turo katako ya bi ta kan haƙori, ya ɗaga ya shafa zanen da babban yatsa.

"A bar shan maganin ga hakanan. Ɗaci garai." Ya juya katakon ya duba ɗaya gefen. "Mutanen Zurmi sun aiko jiya, ƙohohin masallaci suka so. A ce musu sai bayan salla. In sun matsa, a ce musu ni nac ce."

Da na gaya wa matata da yamma, ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa, na ji tana kuka tana dariya. Da ta fito ta ɗauki kwalbar maɗacin ta tuttular a gindin darbejiya.

Baba ya yi ƙofofin Zurmi, ya yi waɗanda suka biyo bayansu, ɗakin Sakajiki kuma aka zuba masa gero. Yana kan aiki a rumfar nan har shekarar da Allah ya karɓi abinsa, kuma har ya tafi bai ce mini "kai" ba, ni ma ban taɓa jiran ya ce ba.

Injin farko ya daɗe da mutuwa, na sauya wani, na sake sauyawa, amma jak da gwiwa da ƙafar keke suna nan suna aiki. Yanzu bayan nawa ya fara ciwo na gaske, wanda ba sai na yi nishin ƙarya ba. Abokina mai walda, da shi ma furfura ta cinye gemun, duk sanda ya biyo sai ya ce in bari ya ɗaga mini zoben nan zuwa bakin tebur, aikin da ba zai ɗauke shi shan shayi ba. Nakan ce masa ya bari sai wani satin. Layin fensir ɗin yana nan a ƙafar tebur, na bi shi da wuƙa don kada ya goge. Kowace safiya idan na buɗe rumfa, abin da nake fara yi shi ne in zo wurin in duƙa.